Layin ganin ƙwararren likita a Gombe: wace ƙofa ce taka, kuma ko wahalar tana biya?

Idan likita a babban asibitin Bajoga ko Kumo ko Dukku ya rubuta takarda ya ce "wannan sai Gombe", yawanci wuri biyu yake nufi: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke titin Ashaka, wanda aka ɗaga darajarsa zuwa asibitin koyarwa a 2014, ko kuma Asibitin Ƙwararru na jiha. Abin da za mu auna a nan shi ne hidimar ganin ƙwararren likita ba tare da an kwantar da mutum ba, wato ka je da ƙafarka, a duba ka, a ba ka rana ka dawo. Hukuncinmu tun daga farko shi ne aikin yana da inganci, kuma kuɗin ganin likitan kansa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na asibitin kuɗi. Amma hidima ce da take wahalar da wanda bai san tsarinta ba. Rabin jeka-ka-dawon da mutane ke kuka da shi ya samo asali ne daga shiga ƙofar da ba ta mutum ba.

Wanda ake kira ƙwararre, ko konsoltan a bakin ma'aikata, ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya sake shiga horo na shekara 5 zuwa 6 a fanni guda, da jarrabawa hawa uku a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas ko ɗaya daga cikin kwalejojin likitoci na Afirka ta Yamma. A ƙasansa akwai babban rijistara, sai rijistara, sai sabon likita mai sanin makamar aiki. Wannan jeri yana da amfani a sani, domin ƙorafin da aka fi ji a bakin ƙofa shi ne "ni fa babban likita na zo gani, sai aka haɗa ni da yaro". Wannan da ake kira yaro, idan babban rijistara ne, ya kai shekara goma ko fiye yana cikin harkar, kuma abin da ya gagare shi zai tashi ya kai wa konsoltan a ɗaki na gaba. Inda ya dace mutum ya nemi konsoltan da bakinsa shi ne idan ya zo sau uku babu sauƙi, ko za a yanke shawarar tiyata.

Ƙofar farko ita ce GOPD, wato sashen da ake fara duba kowane irin mara lafiya, kuma ita ce aka fi rainawa. A nan ake yankar kati, a buɗe folda, nas ta auna jini da nauyi da zafin jiki, sannan a shiga wurin likitan iyali. Mutane da yawa ba su san cewa likitancin iyali fanni ne mai zaman kansa da konsoltan ɗinsa ba. Aikinsa kamar na ɗan kamasho ne a tashar Dukku: ya san motar da za ta kai ka garinku, kuma idan tafiyar ta ƙafa ce zai gaya maka kada ka ɓata kuɗinka. Hawan jinin da bai taɓa zuciya ko ƙoda ba, ciwon sugan da ƙwaya ke riƙewa, olsa, sanyin fitsari, ciwon baya na yau da kullum, duk yana gamawa da su a nan. Mun fi ba wannan sashe maki a kan sauran, don shi kaɗai ne yake kallon mutum gaba ɗayansa. Aibinsa cunkoso. Wanda ya iso ƙarfe goma zai iya kai la'asar bai shiga ba, kuma likitan da ya duba mutum arba'in kafin ya zo kanka ba zai ja hira ba. Saboda haka a shirya bayani tun daga gida. "Baba, ina ke maka ciwo?" "Wallahi likita ko'ina." Wannan amsa tana cinye minti biyar daga cikin goman da kake da su. A ce: yaushe ya fara, a ina yake, me ke tayar da shi, me aka sha.

Abin da aka sha ɗin nan shi ne aka fi ɓoyewa. A zo da ledar magunguna dukanta, har da fankon kwalaye, da haɗin da aka ƙulla a kemis, da jarkar jiƙon da aka saya a kasuwa. Likita yakan gano cutar daga cikin leda kafin ya ɗora abin sauraro a ƙirji: ga ƙwayar ciwon gaɓoɓi iri uku masu suna daban amma aiki ɗaya, ga ƙwayar sa ƙiba, ga maganin hawan jini da aka daina tun wata biyu "don na ji sauƙi".

Daga GOPD, ko da takardar turawa daga wani asibiti, ake ba mutum ranar ganin ƙwararren likita. Kowane fanni yana da ranarsa a mako, ba kullum ake zama ba, don sauran kwanakin likitocin suna ɗakin tiyata ko zagayen marasa lafiya. Wanda ya taso daga Nafada ko Biu ko Numan bai tambayi rana ba, ya yi asarar kuɗin mota. A tambayi ofishin ajiye folda rana da lokaci, a rubuta a bayan kati, kuma a ɗauki hoton lambar folda a waya.

Yanzu ga inda ake rikicewa. Ƙoda likitoci biyu gare ta. Akwai likitan ƙoda na magani, shi ke duba ƙodar da aikinta ke raguwa: kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa, fitsari mai kumfa, amai da kasala, hawan jinin da ya ƙi sauka. Zai sa a auna sinadaran kiriyatinin da yuriya a jini, a duba furotin a fitsari, a yi hoton ƙoda a ga ko ta motse. Shi ke yanke shawarar wankin ƙoda, wanda a ƙa'ida sau 3 ake yinsa a mako, awa 4 kowane zama, kodayake kuɗi kan sa yawancin masu yi su tsaya a sau ɗaya ko biyu, shi ya sa suke dawowa da ruwa a huhu. Na biyun likitan mafitsara ne, mai tiyata. Nasa shi ne hanyar da fitsari ke bi: tsakuwar ƙoda, toshewar mafitsara, fitsarin jini, da kumburin furosteti, wani ƙullutu da ke ƙasan mafitsarar namiji wanda kan girma bayan shekara 50. Dattijon da ke tashi fitsari sau biyar a dare, yana yi yana yunƙuri, wurin likitan mafitsara ya dace, kuma idan ya yi sakaci fitsarin da ke taruwa zai koma ya lalata ƙodar, ya ƙare a hannun na farkon. Yaron da ke wanka a madatsar Dadin Kowa yana fitar da jini a ƙarshen fitsari, tsagiya ce, kuma ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu: gwajin fitsari da ƙwayar praziquantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyinsa. Wanda ya ɗauki tsagiya shekara da shekaru bai magance ba shi ne ke zuwa daga baya da ciwon dajin mafitsara. Abin da likitocin ƙoda ke ta nanatawa, kuma muna tare da su, shi ne ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake haɗiya kullum bayan aikin gona ko dako, cikin zafin rana, ba tare da isasshen ruwa ba, suna cin ƙoda a hankali ba tare da ciwo ba.

Shi kuwa kai, likitoci uku gare shi. Likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa na magani shi ke da shanyewar ɓarin jiki, farfaɗiya, karkarwar hannu ta tsufa, ciwon kai mai naci, da mutuwar tafin ƙafa. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa shi ke da wanda ya faɗi daga babur jini ya taru a ƙoƙon kansa, da ƙari a ƙwaƙwalwa, da jaririn da kansa ke ƙara girma don ruwa, da wanda ƙashin bayansa ya danne laka. Na uku likitan taɓin hankali, wanda sunansa kaɗai ke korar mutane, alhali yawancin masu zama a layinsa lafiyayyun ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matan aure masu fama da rashin barci, fargaba, baƙin cikin da ya ƙi wucewa, rikicewar bayan haihuwa, ko matashin da tiramol da kodin suka kama. Farfaɗiya ba hauka ba ce, ba a ɗaukarta ta yawu, kuma kusan mutum 7 cikin 10 faɗuwar tana tsayawa idan suna shan magani kullum. Abin da ke ɓata aikin shi ne a daina sha rana tsaka, sai ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Shanyewar ɓarin jiki kuma ba ta jiran ranar asibiti. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe: sashen gaggawa kai tsaye. Iri biyu ce, ta toshewar jijiya da ta fashewarta, kuma hoton ƙwaƙwalwa irin na CT ne kaɗai ke raba su. Wanda ya ɗura wa mara lafiya asfirin a gida alhali jijiya ce ta fashe, ya ƙara masa zubar jini. Kada kuma a ba shi ruwa ko kunu sai an gwada haɗiyarsa, domin abin da ya sarƙe ya shiga huhu shi ke kashe da yawa a makon farko. Bayan an sallame shi, mai gashin ƙashi ne zai tayar da shi, kuma watanni 3 zuwa 6 na farko su ne lokacin da jiki ya fi amsawa. Iyalan da suka kwashe waɗannan watanni suna yawon neman wanda ya yi jifa, sukan dawo hannu ya riga ya ƙage.

Likitan zuciya layinsa na cikin mafi tsawo, kuma da yawa cikin waɗanda ke zaune da ma GOPD ya ishe su. Nasa shi ne hawan jinin da ya ƙi sauka ƙasa da 140/90 duk da magani iri uku, haki idan an kwanta, kumburin ƙafa, bugun zuciya mara tsari. Gwajinsa biyu ne aka fi sani: ECG mai zana bugun zuciya a takarda, da eko mai nuna girman zuciyar da ƙarfin matsawarta. Akwai ciwon da ya fi shafar yankinmu: mace ta haihu lafiya, bayan makonni ta fara haki, tari da dare, ƙafa ta kumbura, sai a ce sanyin jego ne. Zuciya ce ta raunana. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun wannan a duniya, kuma tun a shekarun 1970 binciken da aka yi a Zariya ya danganta shi da kunun kanwa da yawan zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon wuta. Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai da matashi uku, a kai ta a ranar. Ciwon ƙirji kuma ba duka na zuciya ba ne. Tarin da ya wuce mako 2, da zufar dare da rama, na sashen tarin fuka ne: gwajin majina da na'urar GeneXpert, magani wata 6, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ciwon suga yana da likitansa, wanda kuma shi ne na maƙoƙo. Sugan safe kafin a ci komai idan ya kai 7.0 a ma'aunin milimol, ko 126 a ɗaya ma'aunin, ciwo ne. Na'urorin gida sukan zo da ma'auni daban-daban, mutum ya ga 90 ya ruɗe alhali lafiyarsa lau. Gwajin HbA1c shi ke tona asirin wata 3 da suka wuce, don haka ƙaurace wa tuwo kwana biyu kafin ranar asibiti ba ya yaudarar kowa. Mai suga ya nemi a duba masa ido da ƙoda sau ɗaya a shekara ko da ba a ce ba, kuma ya cire takalmi a gaban likita. Ƙaramin miki a tsakanin yatsu, wanda ba ya zafi saboda jijiyar ta mutu, shi ke kaiwa ga yanke ƙafa.

Likitan hanta da ciki yana karɓar mutane da yawa da aka firgita. An je ba da jini ko gwajin aure an ce akwai ciwon hanta nau'in B, sai mutum ya ɗauka ajali ya zo, masu tallan magani a rediyo da lasifika kuma su yi masa kwanton ɓauna. Ba duk mai ɗauke da ƙwayar ke buƙatar magani ba. Sai an auna yawan ƙwayar a jini, an duba sinadaran hanta, an yi hoto. Wanda ya cancanta, ƙwayar tenofovir ce guda ɗaya a rana na dogon lokaci. Wanda bai cancanta ba, awo ne duk wata 6 zuwa shekara. Abin da ya fi muhimmanci a gidan shi ne a gwada mata da yara, a yi wa marasa ita rigakafi, jariri kuma a yi masa allurar cikin awa 24 da haihuwa. Mai sikila yana wurin likitan jini idan babba ne, wurin likitan yara idan ƙarami ne. Fata da ƙyasbi da ɓarnar man bilicin suna da likitansu, sai dai su kaɗan ne ƙwarai a duk ƙasar, ranarsu takan yi nisa.

Sashen mata kashi biyu ne a hannun likita ɗaya: ciki da haihuwa a gefe, cututtukan mahaifa a gefe. Awon cikin da ba shi da matsala ungozomar asibitin unguwa ta isa. Wadda ya kamata ta zo nan ita ce mai hawan jini, mai suga, mai sikila, mai tagwaye, wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, wadda ta yi ɓari sau da yawa, yarinya ƙarama mai cikin fari, da wadda ta haihu sama da biyar. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi da kumburin fuska a watannin ƙarshe, share fagen jijjiga ne, allurar magnesium sulphate da gaggauta haihuwa ke tare ta. Naƙudar da ta wuce awa 12 babu ci gaba ba a ƙara mata haƙuri, domin kan jaririn da ya daɗe yana danne mafitsara shi ke huda ta, a samu yoyon fitsari. Masu wannan lalura akwai cibiyar tarayya ta musamman a Ningi, jihar Bauchi. A batun rashin haihuwa, nan ne muke ganin ɓarnar kuɗi mafi girma. Ana fara bincike bayan wata 12 ana tare babu ciki. Gwajin maigida shi ne mafi arha kuma mafi sauƙi: ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya kai maniyyi ɗakin gwaji cikin awa 1. Amma sai a ga mace ta yi hoton bututun mahaifa mai zafi da tsada, ta yi gwaje-gwajen jini, ta sha ƙwayoyi wata shida, shi kuwa bai taɓa leƙowa ba. Likitan da ya ce "Hajiya, sai kin zo da Alhaji" ba wulaƙanci yake yi ba, kuma yana da gaskiya.

Likitan yara ba likitan manya ne da aka rage wa awo ba. Maganin yaro da kilo ake lissafa shi, farasitamol ma miligiram 15 ne ga kowane kilo, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli duk zuwa. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a ranar farko ko ta biyu, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi kafin ya cika wata, sashen jarirai za a nufa da shi a daren. Shanya shi a hantsi da ɗura masa ruwan gulukos ba sa sauke shawara. Fitila ta musamman ke yi, wani lokaci sai an canja jini, kuma shawarar da ta hau ƙwaƙwalwa tana barin yaro da kurumta da sanƙarewar jiki har ƙarshen rayuwa. A zo da katin rigakafi.

Tiyata ma rassa ce. Likitan tiyata na gaba ɗaya shi ke da ƙaba, afendis, hanjin da taifot ta huda, basir mai jini, maƙoƙon da ya kai a cire, da ƙullutu a nono. Ƙullutun nono ko da ba ya zafi abin tsoro ne, kuma matakin farko shi ne a ɗebi ɗan tsoka a gwada, ba wai a yanke nonon ba kamar yadda ake ta yaɗawa har mata ke ɓuya sai ya fashe. Likitan ƙashi kuwa abokin hamayyarsa mai ɗori ne, kuma ba za mu ce duk ɗori banza ba ne, ƙashi dai yana haɗewa da kansa idan an daidaita shi. Ɓarnar tana zuwa ne ta wuri uku: ɗaurin karare mai tsauri a kan hannun da ke kumbura, wanda ke tsayar da jini har yatsu su yi baƙi a kai ga yankewa, karayar da ƙashi ya huda fata, wadda ke buƙatar wanki a ɗakin tiyata cikin awoyi, da karayar da ta shiga gaɓa, musamman gwiwar hannun yaro da ƙugun tsoho. Waɗannan ba a kai su ko'ina sai asibiti. Manyan ayyuka irin su canjin ƙugu wasu kan tafi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kunne da hanci da maƙogwaro likita ɗaya ne, kuma shi ke karɓar yaran da wanzami ya cire wa beli jini ya ƙi tsayawa, da wanda ya cusa ƙwayar masara ko batirin agogo a hanci. Batirin ba ya kwana, yana ƙona nama cikin awoyi.

A sashen ido mutum uku ne ke sa farar riga. Mai auna gani shi ke rubuta tabarau, mai haɗa tabarau shi ke yanka gilashi, likitan ido shi ke tiyata da magance cuta. Yanar ido ana cire ta a sa sabon gilashi a ciki, gani ya dawo, aiki ne da ba ya kai awa ɗaya. Masu soke ido na gargajiya tura yanar kawai suke yi cikin ido, mutum ya ga haske na ɗan lokaci, daga baya idon ya mutu. Hawan jinin ido, wato gilakoma, shi ne mugun: ba zafi, yana cin gani daga gefe, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ƙarfin ruwan ido na lafiya 10 zuwa 21 ne. Duk wanda ya haura 40, ko akwai makanta a danginsu, ya sa a auna masa. Ɗigon maganin na har abada ne, ba a dainawa don kwalba ta ƙare. Abin da ya fi ƙarfin nan ana tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Akwai likitocin da mara lafiya ba ya sanin sunansu, kuma su ne dalilin da ya sa muke fifita asibitin koyarwa idan aikin babba ne. Likitan sa barci shi ke riƙe da numfashi da jini yayin da ake yanka. Idan ya ce kada a ci abinci awa 6 kafin tiyata, ruwa zalla kuma awa 2, to kofin koko ɗaya da uwa ta ba yaro don tausayi ya isa a ɗage aikin, domin abin da ke ciki kan taso ya shiga huhu. Likitan hoto shi ke fassara CT da sikanin, kuma ba duk mai riƙe na'urar sikanin a cikin gari ne likitan hoto ba, shi ya sa ake yawan cewa a sake. Likitan gwajin tsoka shi ke faɗin ko ƙarin da aka cire daji ne. Duk abin da aka cire daga jiki a sa shi a ruwan fomalin a kai masa. Iyalai kan karɓi ƙarin a leda su kai gida su binne, bayan shekara ciwo ya dawo babu wanda ya san ko mene ne.

Saran maciji ba ya cikin duk wannan layi. Jihar Gombe tana da asibiti na musamman a Kaltungo, kuma mafi yawan saran na kububuwa ne, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba jini kamar mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, a karkata. Idan ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi, a sake gwadawa bayan awa 6. Kada a ɗaure ƙafar da roba, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi. Wanda ya ga ya ji sauƙi har ya ƙi zuwa asibiti, dasashinsa kan fara jini a rana ta biyu ko ta uku.

Nakasun hidimar kuwa irin na manyan asibitocin gwamnati ne a duk ƙasar nan. Ƙwararru sun yi kaɗan, wasu suna ficewa Saudiyya da Ingila, don haka fannin da likita ɗaya ke riƙe da shi rana takan kai wata biyu. Idan likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki, layin ganin ƙwararru ne ke fara tsayawa, don su ne ƙashin bayansa. Kuɗin gaske ba a wurin likita yake ba, yana wurin gwaji da hoto da magani, kuma ba kasafai ake gaya wa mutum jimillar tun farko ba. A tambaya kai tsaye: "Likita, a cikin gwaje-gwajen nan wanne ne ba zai jira ba?" Yawancinsu za su jera maka bisa muhimmanci. Sakamako kuma a karɓo shi kafin ranar komawa, domin wanda ya shiga hannu rabbana za a sake ba shi wata rana ne kawai. Babban gibin a ganinmu shi ne mai ciwo uku yana ganin likita uku, kowa na rubuta nasa. Tsoho mai suga da hawan jini da ciwon gwiwa zai iya samun ƙwayar gwiwa daga wannan ɗaki wadda likitan ƙoda ya hana a wancan. Maganin wannan shi ne littafi ƙarami guda ɗaya da aka rubuta duk magunguna a ciki, da ɗa ko 'ya guda ɗaya da ke raka shi kullum, ba yau wannan gobe wancan ba.

Masu inshorar lafiya, ta tarayya ta NHIA ko ta jiha ta GoHealth, su fara daga asibitin da suka yi rajista, a can za a ba su takardar turawa. Ma'aikatan da ke ƙarƙashin NHIA sai an samo lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da inshorarsu kafin a yi babban gwaji ko tiyata, kuma suna biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Wanda ya tsallake wannan mataki ya biya da aljihunsa, dawo da kuɗin yana da wuya.

Asibitin kuɗi da yamma yana da ranarsa. Sau da yawa konsoltan ɗin da ke asibitin gwamnati da safe shi ne a nan da dare, kuma don duba hawan jini ko karanta sakamako, awa ɗaya ta wadatar maimakon yini. Amma kafin a yarda da tiyata a ƙaramin asibiti a yi tambaya uku: wa zai sa barci, akwai jini a ajiye ko sai an nemo, kuma ina za a kai mutum idan abu ya rikice da tsakar dare. Idan amsar ta ukun ita ce asibitin koyarwa, to aikin da ya shafi mai ciwon zuciya, jariri, tsoho, ko mai cikin da aka taɓa yi wa tiyata sau biyu, gara a yi shi can tun farko.